Barin giya bayan dashen hanta: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na mutumin da giya ta cinye wa hanta ne har aka yi masa dashe, da matarsa, da ƙaninsa da ya ba da tsokar jikinsa, da duk wanda ke jinyarsa. A Amurka, tun 2016 barasa ce kan gaba cikin dalilan da ke sa a yi wa mutum dashen hanta. A wajenmu lissafin ya bambanta: ƙwayar cutar hanta nau'in B ce ta fi yi mana ɓarna, kuma ɗimbin masu ciwon hanta ba su taɓa kurɓar giya ba, don haka kada wani ya karanta ya fara zargin maƙwabcinsa. Amma masu sha suna nan, wasu a fili, wasu a ɗakin da ba a zato. Akwai waɗanda aka kai Indiya ko Masar ko Turkiyya aka yi musu aiki suka dawo, dangi na cewa "ciwon hanta ne kawai", babu mai ambaton giya. Wannan shirun shi ya fi damuna, shi ya sa na tattara tambayoyin nan.

An cire hantar da ta lalace an sa lafiyayya. Ashe ba an warke ke nan ba?

An rabu da ciwo ɗaya, saura ɗaya. Wanda giya ta kai ɗakin tiyata ciwo biyu yake ɗauke da su. Akwai na hanta, wanda kowa ya gani: idanu sun koma ruwan ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu sun kumbura, wani har da aman jini da ruɗewa. Akwai kuma jarabar sha, wadda mazauninta ƙwaƙwalwa ce, wuƙar likita kuwa ba ta kai can ba. Shekara da shekaru ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba neman sauƙi ta ƙofa ɗaya: in rai ya ɓaci, in barci ya ƙi zuwa, in albashi ya shigo, in an haɗu da abokin zama. Wannan sabon yana nan daram ranar da aka sallami mutum daga asibiti.

Abin da ke yaudarar iyali shi ne, sa'ad da ciwo ya yi tsanani sha'awar takan lafa da kanta. Wanda ko kunu ba ya iya haɗiyewa ba ya tunanin kwalba. Sai majinyaci ya rantse, kuma da gaske yake, cewa shi da giya har abada. Bayan wata shida ko shekara, jiki ya murmure, abinci ya dawo da daɗinsa, an koma kasuwa ko ofis, masu zuwa dubiya sun ɗauke ƙafa. A nan ne takan farka.

Ko ɗan kaɗan fa? Kwalba ɗaya ranar biki?

A'a. Ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da na Amurka bakinsu ɗaya a kan wannan: wanda barasa ta kai ga dashe ya bar ta gaba ɗaya, har ƙarshen rayuwarsa. Ba wai kwalba ɗaya ce za ta narkar da hanta a daren ba. Abin tsoron shi ne mutumin da ke riƙe da kwalbar ya riga ya gwada tsayawa a kan kaɗan, shekaru yana gwadawa, bai iya ba. Wancan karon ma da kaɗan aka fara.

Me giya ke yi wa sabuwar hanta?

Kusan duk barasar da mutum ya sha hanta ce ke sarrafa ta. Tana fara mayar da ita wani sinadari mai guba, asetaldehaid, kafin ta mayar da shi abin da jiki zai iya zubarwa. In abin ya yawaita sai kitse ya taru a hanta, sai kumburi, sai tabo. Tabo ya yi yawa, hanta ta taurare ta ƙanƙance, shi ne likitoci ke kira sirosis. Hantar da aka haifi mutum da ita takan jure shekara goma, ashirin, kafin ta kai nan. Dasasshiya ba ta da wannan haƙurin. Wani bincike da aka yi a Faransa aka buga a 2015 ya nuna cewa cikin waɗanda suka koma sha mai yawa bayan dashe, kusan ɗaya cikin uku sirosis ya sake kama su, cikin kimanin shekara biyar.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan sauri. Jikin mutum yana ɗaukar sabuwar hanta a matsayin baƙuwa, kullum neman far mata yake yi. Abin da ke hana shi su ne magungunan danne garkuwar jiki, irin su takrolimus, wanda yawanci ake sha sau biyu a rana, awa 12 tsakani, ba fashi. Mai maye ba ya kiyaye awa 12. Yau ya manta na dare, gobe ya yi amai bayan ya sha na safe, jibi ya ƙi zuwa gwajin jini don kada a gane. Kafin a ankara jiki ya fara ƙin hantar.

Masu kallon ƙwallo sun san George Best na Manchester United, gwarzon ɗan wasan Turai na 1968. An yi masa dashen hanta a Landan a 2002, ya koma sha, ya rasu a watan Nuwamba 2005 yana da shekara 59. Mutum ne mai suna da masoya da ƙwararrun likitoci a kusa da shi. Na kawo shi ne don a ga ƙarfin ciwon, ba don a ci mutuncin mamaci ba.

To ashe yawancinsu komawa suke yi?

A'a, kuma wannan zaton zalunci ne ga masu yawa da suka riƙe alkawari. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2008 ya samu cewa cikin kowane mutum 100 da aka yi wa dashe saboda barasa, kusan 6 ne ke sake kurɓa a kowace shekara, masu komawa sha mai yawa kuwa 2 zuwa 3. Wani makamancinsa na 2019 ya samu kashi 22 cikin ɗari sun sake sha cikin kimanin shekara huɗu, kashi 14 sha mai yawa. Ba ƙaramin adadi ba ne, amma ka juya shi: mafi yawa ba su koma ba.

Da can likitoci da yawa ba sa yarda a ba mashayi hanta, suna ganin asara ce. Likita Thomas Starzl, wanda ya fara gwada dashen hanta a jikin ɗan'adam a 1963, shi da abokan aikinsa na Pittsburgh a Amurka suka buga sakamako a 1988 da ya nuna waɗannan majinyata suna rayuwa bayan dashe kamar sauran. Tun daga nan ra'ayi ya fara juyawa.

Me ya sa wasu asibitoci ke cewa sai an yi wata shida ba a sha ba kafin a yi aiki?

Dalili biyu. Na farko, hanta tana da baiwar farfaɗowa. Wani in ya bar sha wata shida sai ta gyaru har ba a bukatar dashen. Na biyu, ana so a ga kamun ludayin majinyaci, a kuma ba shi lokacin fara maganin jarabar.

Sai dai akwai wanda ba zai kai wata shidan ba. Mai mummunan kumburin hanta na barasa, wanda magani ya ƙi karɓarsa, yawanci kafin nan ya rasu. Shi ya sa Farfesa Philippe Mathurin na Lille da abokan aikinsa a Faransa da Beljiyam suka gwada yi wa irin waɗannan dashe ba tare da jira ba, suka buga sakamakon a 2011. Mutum 26 aka yi wa. Bayan wata shida, kashi 77 cikin ɗari suna raye, alhali cikin takwarorinsu da ba a yi wa ba kashi 23 ne kawai suka kai. Uku daga cikin 26 ɗin ne aka samu sun sake sha daga baya. Amma a lura da irin tankaɗen da aka yi kafin a zaɓe su: karon farko ke nan da hantarsu ta gaza, suna da dangi tsayayyu, ba su da tsananin ciwon ƙwaƙwalwa, kuma sun ɗauki alkawarin bari har abada. Wato kirga watanni kaɗai ba ya nuna wanda zai riƙe. Amincewar mutum cewa yana da matsala, da mutanen da ke bayansa, su ma suna da nauyi.

Kowane asibiti da ƙa'idarsa. Kafin a sayar da fili ko gona a yanki tikiti, a faɗa musu gaskiyar sanadin ciwon, a tambayi sharaɗinsu.

Wa ya fi shiga haɗarin komawa ruwa?

Wanda bai daɗe da bari ba kafin aikin. Wanda ya sha gwada bari a baya yana komawa. Mai ciwon damuwa ko fargaba da ba a yi wa magani ba. Mai haɗawa da taba ko ƙwaya. Wanda ke zaune shi kaɗai, ko wanda akwai mai sha a cikin gidansa. Sai wanda har yanzu yake cewa "ni ba giya ce ta kama ni ba, sammu ne", ko "ai na gado ne". Na ƙarshen nan ya fi ba ni tsoro, domin wanda bai yarda da sunan ciwonsa ba ba zai nemi maganinsa ba.

Likita na iya ganewa in na sha ban faɗa ba?

Yana iyawa. Akwai gwajin jini da ake kira PEth, wanda ke nuna shan da aka yi cikin mako biyu zuwa huɗu da suka wuce. Akwai na fitsari, EtG, mai kama na kwana biyu zuwa uku. Har gashi ana gwadawa, shi kuma yana riƙe labarin watanni. Cibiyoyin dashe da yawa sun mayar da waɗannan cikin gwajin da aka saba yi wa kowa. Ba tarko ba ne. Hanta ba ta kuka da wuri. Kafin ido ya canza launi ɓarna ta yi nisa, gwajin kuwa yana ba da damar tarar abin tun yana ƙarami.

Na sha. Babu wanda ya sani. Yanzu me zan yi?

Da farko, kada ka daina maganin dashenka ko sau ɗaya, ko da kana jin kunya, ko da kana ganin ba ka cancance shi ba. Na biyu, ka sanar da likitanka yau, ba sai ranar da aka ba ka ta dawowa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitocin dashe sun sha jin wannan magana, sun kuma san bambancin tuntuɓe ɗaya da aka faɗa aka tashi, da komawa sha na kullum. Abin da ke mayar da na farko ya zama na biyu yawanci ɓoyewa ce: mutum ya ce tunda na riga na karya alkawari ai shi ke nan, sai ya sha don ya manta ya sha.

Na uku, kuma wannan batun rai ne: in ka koma sha mai yawa kullum, kada ka yanke shi dare ɗaya kai kaɗai a gida. Jikin da ya saba da barasa, in aka katse masa ita kwatsam, yakan yi bore. Cikin awanni hannu ya fara rawa, zufa ta karyo, zuciya na bugu. Cikin kwana biyun farko ana iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wani yakan ruɗe, ya riƙa ganin abin da babu, yana fisge-fisge, kuma wannan yana kisa. A gidajenmu da an ga haka sai a ce iskoki ne. A yi addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti, inda za a ba shi maganin kwantar da jijiyoyi da bitamin B1 a sa masa ido.

Sannan ka zauna ka bi sawun abin: ranar da ka sha, ina kake, da wa, me ya faru kafin nan? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar ake nema a liƙe.

Akwai maganin da ke rage sha'awar giya?

Akwai, kuma ba rauni ba ne a nema. Baklofen an gwada shi a kan masu sirosis a Italiya, sakamakon ya fito a 2007, yana taimaka wa wasu. Akamprosat ta ƙoda yake fita, ba ya wahalar da hanta, amma da yake takrolimus ma yana taɓa ƙoda sai an duba lafiyarta tukuna. Naltrekson yana rage daɗin da ake ji in an sha, sai dai ba ya haɗuwa da tramol ko kodin, kuma ana bibiyar hanta in ana shan sa. Disulfiram, wanda ke sa mutum ya galabaita in ya sha giya, ana guje masa ga mai ciwon hanta domin shi kansa yana iya lalata ta. Ko ɗaya daga ciki ba na saye a kemis ba ne. Likitan dashe da likitan ƙwaƙwalwa ne za su zaɓa tare. Magani kuma ya fi aiki in an haɗa da zaman shawara da ƙwararre, inda ake koyon abin yi a daidai lokacin da sha'awar ta taso.

Ina kuma barasa ke ɓuya?

A cikin jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa da sunan maganin basir ko ciwon baya ko ƙarfin maza. Da yawansu a cikin ogogoro aka jiƙa sassaƙen. A cikin kwalaben bitas. Burukutu giya ce ko da daga dawa aka yi ta, haka pito. Bammi kuwa tun daga saukowa daga bishiya yake fara tsami, kada a ruɗe ka da cewa sabo ne. Wasu magungunan tari na ruwa da ruwan kurkure baki suna da barasa, a karanta jikin kwalba.

Giyar da aka rubuta wa "marar barasa" a ƙasashe da yawa an yarda ta ƙunshi har kashi 0.5 cikin ɗari. Ko babu ko ɗigo, ƙamshinta da ɗanɗanonta da kwalbarta sun isa su tayar da abin da ke kwance. A bar ta. Lemon malt ba giya ba ne, amma sukarinsa yana da yawa, magungunan dashe kuwa suna kusantar da mutum ga ciwon sukari.

Ga 'yan'uwa Kirista da cocinsu ke amfani da ruwan inabi mai barasa a Jibin Ubangiji, a yi wa fasto ko fada bayani. Ana iya karɓar gurasa kaɗai. Duk wani maganin gargajiya kuma, ko da babu barasa a ciki, kada a sha sai da sanin likita, domin wasu ganyaye, har da lemon garehul (grapefruit da Turanci), suna canza yawan takrolimus a jini.

Na bar giya, amma ina shan taba, wani lokaci da tramol don in samu natsuwa.

Ba a tsira ba tukuna. Waɗanda aka yi wa dashe saboda barasa sun fi sauran kamuwa da sankarar baki da maƙogwaro da huhu, saboda giya da taba sun daɗe suna ƙona wuraren, ga garkuwar jiki an danne ta. Ciwon zuciya ma yana cikin abin da ke ɗaukar su. Tramol da kodin kuwa jaraba ɗaya ce ta canza riga. A faɗa wa likita duka, a yi maganinsu tare.

Ni matarsa ce. In zama ɗan sanda a kansa, ko in kawar da kai?

'Yar'uwa, duka biyun ba sa kai wa ga alheri. Shinshina baki da binciken aljihu kullum yana koya wa mutum ƙwarewa a ɓoyo. Kawar da kai don rufin asiri kuma, har ki riƙa yi masa ƙarya wajen likita, yana ba ciwon fili. Abin da ya fi shi ne ku yi yarjejeniya tun yana cikin natsuwa: babu giya a gidan nan ko ta baƙo ce, za ki riƙa raka shi asibiti, kuma in kin ga alama za ki faɗa masa, in ya ƙi ji ki faɗa wa likita. Alamun sun haɗa da komawa tsohuwar majalisa, dawowa gida a makare, fashin magani, kaucewa gwajin jini, kuɗi na ɓacewa, saurin fushi.

Ki nemi mutum ɗaya cikin danginsa, wa ko kawu mai riƙe sirri, wanda ya san gaskiyar lamarin, don kada kayan su zama naki ke kaɗai. In kuma ya koma, ba ke kika jawo ba. In abin ya kai ga duka ko barazana, tsaron ranki da na 'ya'yanki ne farko.

Ni zan ba yayana ɓangaren hantata. Ina da haƙƙin sanin ko giya ce sanadi?

Kana da shi. Ga babban mutum yawanci ɓangaren dama ake yankowa, wajen kashi 60 cikin ɗari na hantarka. Za ta sake girma cikin 'yan watanni, amma babbar tiyata ce mai haɗarinta, har da na rai, ko da yake ba kasafai ba. Bai halatta dangi su ɓoye maka don kada ka fasa ba. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya fara neman maganin jarabar, kuma kana da ikon cewa a'a. In ka bayar, ka bayar. Kada ta zama abin gori duk ranar da kuka saɓa, domin nauyin bashin da ba ya biyuwa yana cikin abin da ke tura mutum neman mantuwa.

Ya tuba tsakaninsa da Allah. Tuba ba ta isa ba?

Tuba ita ce tushe, kuma imani ya riƙe mutane da yawa a inda babu abin da zai riƙe su. Amma mai ciwon sukari da ya tuba ba ya jefar da allurarsa. A tuna cewa haramcin giya ma mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, a kan mutanen da suka fi mu imani. Ya kuma tabbata a Bukhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Malamin da ke da wannan fahimta babban abokin jinya ne. Wanda kuwa zai kira shi mai tuban muzuru a bainar jama'a, kora yake yi.

In sabuwar ta lalace saboda sha, za a sake wani dashen?

Da wuya ƙwarai. Cibiyoyi kaɗan ne ke yarda, bayan dogon bari da tankaɗe mai tsanani, aikin na biyu kuma ya fi na farko haɗari da tsada.

Mun dawo gida daga waje. Ina za mu nemi taimako?

Likita biyu ake bukata, ba ɗaya ba: na hanta, da na ƙwaƙwalwa mai kula da shaye-shaye. Asibitocin koyarwa suna da sassan biyu. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Ƙungiyar masu taimakon juna ta Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, tana yin zama ta intanet, ga wanda ke jin Turanci ko Faransanci kuma yake tsoron a gan shi.

Gidan mari kuwa, ko duk wani wurin da ake kulle mutum da sarƙa, kada a kai mai dashe ko na kwana ɗaya. Garkuwar jikinsa a danne take, ƙazanta da cunkoso za su sa masa cuta, maganinsa na awa 12 kuma babu mai kiyaye masa.

Kafin a baro asibitin da aka yi aikin, a karɓi cikakken rahoto wanda aka rubuta ainihin sanadin ciwon a ciki, da sunayen magunguna da ma'auninsu, da hanyar tuntuɓar likitan can. A kai rahoton nan yadda yake ga likitan gida a makon farko, kada a cire shafin da aka ambaci barasa.